Daga Tsafe Zuwa Bunguɗu: Wa Ya Ƙwace Mana Hanya?

'Yan'uwa ɗalibai, kafin mu shiga cikin maganar da ta sa muka ɗauki alƙalami, muna so kowa ya yi wa kansa wata 'yar tambaya, ya kuma ba kansa amsa tsakaninsa da Allah. A cikinmu, mu da aka haifa a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu, mutum nawa ne suka taɓa hawa Dutsen Kwatarkwashi? Mutum nawa ne suka taɓa sauka a 'Yandoto, suka sha ruwan garin, suka gai da tsofaffinsa? Mun yi wa juna wannan tambaya a ɗakin kwananmu wani dare bayan an ɗauke wuta. Mu takwas ne, dukanmu 'yan jihar nan, amma aka rasa ko mutum ɗaya da zai ce shi ne. Kowa ya san dutsen, sai dai ta tagar mota ya san shi, direba na sheƙa gudu, fasinjoji na salati, kowa na fatan a shiga Gusau kafin rana ta faɗi.

Abin da ya jawo hirar kuwa shi ne wani bidiyo da ɗayanmu ya nuna mana a wayarsa. Wasu mutane ne a Turai, maza da mata, kowa da baburinsa, ya ɗaure 'yan kayansa a baya, suna bin wata hanya mai kwana-kwana a cikin tsaunukan da ke tsakanin Faransa da Italiya. In sun gangaro sai su ratsa ta lambunan tuffa, su faɗa gonakin inabin da mutanen can ke matsawa su yi giyarsu. Inda dare ya yi musu nan za su kwana, gari na wayewa su ɗaura hular kwano su ci gaba. Ba fatauci suke yi ba, ba kuma wani ya aike su ba, so kawai suke su ga ƙasa. Da bidiyon ya ƙare sai wani a cikinmu ya yi tsaki, ya ce, "Ku kuwa a nan, in kuka ga babura goma sun jero haka, ai ta kanku za ku yi." Muka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, domin gaskiya ya faɗa.

To, a kan wannan gaskiya mai ɗaci muke son mu yi magana. Ra'ayinmu shi ne, ranar da babur ya tashi daga abin hawan talaka ya koma alamar tsoro a ƙasar Zamfara, a ranar ne aka raba mu da ƙasarmu. Muna kuma ganin ba za a ce zaman lafiya ya komo ba sai ran da ɗalibi zai iya hawa babur daga Tsafe ya nufi Bunguɗu, ya tsaya inda ya ga dama, ba tare da uwarsa ta kwana tana kuka ba.

Doguwar tafiya a kan babur don ganin ƙasa ba sabon abu ba ce, kuma ƙasar Hausa na da rabo a cikin tarihinta. Ran 11 ga Disamba 1934 wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka tashi daga Landan a kan babur ƙirar Panther mai akwatin zama a gefe, suna jaye da 'yar tirela. Suka ƙetare Sahara ta Tamanrasset da Agadas, suka biyo ta Kano, ba su yada zango na ƙarshe ba sai a Cape Town, can ƙurewar kudancin Afirka, ƙasar duwatsu da gonakin inabi, a ƙarshen watan Yuli 1935. Daga 1957 kuma wani ɗan Nijeriya, Olabisi Ajala, ya shiga ƙasashen duniya a kan Vespa, ya rubuta labarin tafiyarsa a littafin An African Abroad wanda ya fito a 1963, har sunansa ya zama laƙabin duk mai yawan yawo a bakin Yarbawa. A zamaninmu ma, Kunle Adeyanju ya baro Landan ran 19 ga Afrilu 2022, ya iso Ikko ran 29 ga Mayu, don tara gudummawar yaƙi da cutar shan inna. Amma mai karatu ya lura da abu ɗaya. Shi ta Maroko da Muritaniya da Senegal ya biyo, ya shigo ta iyakar Seme. Hanyar Agadas da Kano, wadda mata biyu suka bi shekaru 87 kafin shi, yau ba kowa ke da ƙarfin halin bin ta ba.

Mun san akwai wanda zai ce wannan duk yawon banza ne, aikin wanda ya ƙoshi, kuma al'adar Turawa ce da ba ta shafe mu ba. Ba mu yarda ba. Kakanninmu fatake sun kori jakuna daga nan har Gwanja don goro. Almajiranmu sun taka daga gari zuwa gari neman karatu, alhazan farko kuma sun yi shekaru a hanyar gabas kafin su ga Makka. Bahaushe ne ya ce tafiya mabuɗin ilmi, shi ne kuma ya ce gani ya kori ji. Jakin jiya shi ne baburin yau. Babur kuwa yana da wata falala da mota ba ta da ita. Wanda ke cikin mota a rufe yake, ƙasa na wucewa ta gabansa kamar majigi. Mai babur shi yana jin sanyin fadama a jikinsa tun kafin ya ga ruwa, yana shaƙar ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, yana iya sauka daga kwalta ya bi turbar da mota ba ta shiga, in ya yi sallama a bakin rijiya a amsa masa. Tayarsa in ta yi faci, zaman da zai yi a gindin bishiyar mai faci na iya koya masa abin da laccar sa'a biyu ba ta koya masa ba.

Bari mu kwatanta tafiyar da aka hana mu, domin wanda bai san abin da ya rasa ba, ba zai nemi a mayar masa ba. A ce mun tashi daga Tsafe da sassafe, a ƙarshen damina, dawa ta fid da kai, gero na jiran girbi. Duwatsun garin na bayanmu, mun miƙa kan hanyar da ta taso daga Funtuwa ta nufi Sakkwato. Ba da nisa ba sai 'Yandoto, garin da ya yi suna da malamai tun kafin jihadi, inda masu neman ilmi ke zuwa daga nesa, kuma garin da Muhammadu Bello ya yaƙa a farkon shekarun jihadin. Har yau sarautar Tsafe da sunan garin ake kiranta, watau 'Yandoton Tsafe. Daga nan sai Kwatarkwashi, inda dutse ya tokare sama, gari ya kwanta a gindinsa. A kan dutsen nan ne tsofaffi ke ba da labarin bikin kamun maiki na zamanin da, kuma garin nan ne ya yi sarki ɗaya, Alhaji Ahmad Umar, har shekara 61, kafin rasuwarsa a 2022. Wanda ya hau dutsen da hantsi zai hangi gonaki da ƙauyuka iyakar ganinsa.

Mu gangaro mu shiga Gusau, garin Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu, wanda zuriyarsa ke riƙe da sarautar Sarkin Katsinan Gusau. Mu tsaya a tsohuwar tashar jirgin ƙasa, mu tuna cewa layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa ta nan ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma auduga da gyaɗar da ya riƙa kwasa su suka mai da Gusau birnin ciniki tun kafin ta zama hedkwatar jiha ran 1 ga Oktoba 1996. Sa'an nan mu fita yamma, mu bi kwarin Gulbin Sakkwato zuwa Bunguɗu, ƙasar Sarkin Fulani. Mu ba mu da tuffa da inabi, amma muna da fadama, muna da lambunan mangwaro da gwaiba, muna da rake da albasa da dankali a bakin gulbi. Dukan tafiyar nan ba ta kai kilomita ɗari ba. Mai babur in ba ya tsayawa, kafin azahar ya je ya komo. Amma mai son gani zai yi kwana uku bai ƙoshi ba. Wannan ita ce gonar gadonmu, ga ta a bayan ɗaki, mun zama baƙi a cikinta.

Iyayenmu ba haka suka tashi ba. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, da yawa daga malaman makaranta da malaman gona da ma'aikatan asibiti babur suka fara saya, wani Honda, wani Yamaha, wani Suzuki, wani Vespa. Ku tambaye su ku sha labari. Malamin gona kan zaga ƙauye biyar a yini, in dare ya same shi ya kwana a zauren mai gari, a kawo masa fura da tuwo ba a tambaye shi ko sisi ba. Saurayi kan hau babur bayan isha'i ya tafi zance wani gari, abin da yake tsoro a hanya bai wuce kura ko rami ba. Saboda haka suka san ƙasar, suka san sunan kowane rafi da kowace kasuwa da ranar cinta. Ilminsu na boko bai raba su da karkara ba, domin babur na mayar da su can kowane mako.

Me ya faru? Abin da ya faru kowa ya sani. 'Yan bindigar da suka yi sansani a dazuzzuka irin su Rugu da Kuyambana sun gane abin da malamin gona ya gane tuntuni, watau babur na shiga inda motar soja ba ta shiga. Suka riƙa fitowa ayari-ayari, biyu ko uku a kan kowane babur, su faɗa wa gari, su kashe, su kore shanu, su kwashi mutane. Har ta kai kuɗin fansa ma wani lokaci da sababbin babura ake haɗawa. Ran 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangeɓe. Ran 22 ga Satumba 2023 aka shiga gidajen kwanan ɗalibai a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, aka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, yawancinsu mata. Wannan ba labarin nesa ba ne a gare mu. Yaron ƙauye da a da in ya ji ƙarar babur yake rugowa ya ga wane baƙo ne ya zo, yanzu in ya ji ta sai ya ruga cikin dawa.

Hukuma kuma ta juyo kan babur ɗin. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. A watan Mayun 2019 rundunar soja ta hana hawa babur a dazuzzukan jihohi bakwai, har da Zamfara. A Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya a jihar baki ɗaya. A Yulin 2022 ma ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya shaida wa manema labarai cewa Gwamnatin Tarayya na duba yiwuwar hana babur a ƙasar gaba ɗaya.

Adalci ne mu ce waɗanda suka ɗauki matakan nan ba don mugunta suka ɗauka ba. Wanda gobara ta kama gidansa ba ya zaɓen ruwa, kuma gaskiya ne ɗan bindiga ba babur ba fetur gurgu ne. Amma adalci ne kuma mu tambaya: wa dokar ta kama? Wanda ya ɗauki bindiga ya kashe rai, dokar hana hawa babur ce za ta tsorata shi? Wanda dokar ta kama shi ne ɗan kabu-kabun da ke ciyar da mutum bakwai da baburin da ya karɓa bashi. Ita ce mai naƙudar da babu abin da zai kai ta asibiti da tsakar dare sai babur. Shi ne mai lambun da tumatirinsa ya ruɓe a bakin gulbi, da malamin firamaren da makarantarsa ke nesa da kwalta. Shekaru sun shuɗe bayan dokokin nan, ba a daina tare hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba. Wannan shi ne a bar jaki a daki taiki. Daɗin daɗawa, tun da aka cire tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, wanda tsoro bai sauke daga babur ba, tsada ta sauke shi.

Akwai darasi a labarin tseren motoci da babura na Paris zuwa Dakar. Na farko ya tashi daga Paris ran 26 ga Disamba 1978, ya ratsa ta Agadas da Yamai. Shekara talatin ana yi, masu masauki da makanikai da 'yan jagora na samu. A 2008 aka soke shi saboda barazanar tsaro a Muritaniya, a 2009 aka kai shi Kudancin Amurka, a 2020 aka mayar da shi Saudiyya. Sunan Dakar na nan a jikinsa, amma tseren bai komo Dakar ba. Hanya in ta mutu ba ta tashi da sauƙi, domin bayan an kori ɓarayi sai an kori tsoro, shi kuwa tsoro ya fi ɓarawo daɗewa.

Mu ɗalibai, hasararmu ta fi ta kowa ɓoyuwa, ta kuma fi daɗewa. Gobe a cikinmu za a sami malamin gona da likita da alƙali da kwamishina. Za a ɗora mana al'amuran ƙauyukan da ba mu taɓa takawa ba. Muna iya zana taswirar kogin Nilu a jarrabawa, amma ba mu san rafin da ke raba wani ƙauyen Tsafe da asibiti duk damina ba. Mai karatun tarihi na haddace 'Yandoto a takarda, alhali ga 'Yandoto nan a bakin hanya. Yaron da ya tashi tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari da harabar jami'a, bai san bakarkare ba sai a matsayin ɗan gudun hijira mai bara a bakin masallaci, yaya za a yi ya yi masa adalci ran da ya hau kujera? Rashin sani ya fi dare duhu, kuma ƙasar da masu ilminta ba su san ta ba, a hannun wanda ya san ta take, ko da ɓarawo ne. A yau ba wanda ya san turbobin Zamfara kamar ɗan bindiga. Wannan kaɗai ya isa ya hana mu barci.

Kada wani ya karanta wannan ya ce mun ce ya hau babur gobe ya nufi daji. Ba mu ce ba, kuma wanda ya yi haka ya yi ganganci, ya jefa iyayensa cikin sayar da gona. Abin da muke nema a fili yake. Ga hukuma, muna roƙon a bi sawun babur tun daga mai shigo da shi zuwa dillali zuwa mai saye, kowanne da lambarsa da sunan mai shi, domin baburan da ke daji ba daga sama suka faɗo ba, wani ne ya sayar, wani ne ya kai, wani ne kuma ke kai musu fetur. A kama waɗannan a hukunta su a idon jama'a. A kafa jami'an tsaro na dindindin a turbobin da ke haɗa ƙauyuka da kwalta, maimakon a jira sai an yi ɓarna a zo jaje. In kuwa tilas ta sa aka kafa dokar hana babur, a sa mata wa'adi, a faɗa wa jama'a abin da ta haifar in wa'adin ya cika, a kuma keɓe mara lafiya da mai naƙuda.

Ga ƙungiyarmu ta ɗalibai kuma, akwai aikin da ba ya bukatar izinin kowa. A cikinmu akwai 'yan ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da Maru da sauransu. Kowa ya zauna da mahaifinsa, ko wani tsohon ɗan kabu-kabu, ko malamin gona mai ritaya, ya rubuta hanyoyin da suka bi, da zangunan da suka kwana, da kasuwanni da lambuna da duwatsun da suka sani, tun kafin a binne ilmin nan tare da masu shi. Mujallar nan ta keɓe shafi a kowace fitowa don wannan. Sa'an nan ƙungiya ta nemi shawarar hukumar jami'a da jami'an tsaro da masarauta, duk ran da suka ga hali ya yi, a shirya ziyarar yini ɗaya zuwa Kwatarkwashi, a tafi da hantsi a komo kafin la'asar. Ƙaramin abu ne, amma da sannu ake hawa dutse. Masu babur a cikinmu kuma su gyara halinsu, su sa hular kwano, su bar goyon mutum uku, su bar tseren banza a cikin gari, domin mai neman a mutunta babur shi ya kamata ya fara mutunta shi.

A ƙarshe, 'yan'uwa, mu takwas ɗin nan mun yi wa juna alkawari a daren nan. Ran da hanya ta buɗe, ko mun gama karatu, ko mun yi iyali, ko furfura ta fara fito mana, za mu haɗu a tashar Tsafe bayan sallar asuba, kowa da baburinsa. Za mu sha ruwa a 'Yandoto, mu hau dutse a Kwatarkwashi, mu ci mangwaro a bakin gulbi a Bunguɗu in lokacinsa ne, mu kwana a zauren duk wanda ya ba mu tabarma. Muna gayyatar duk mai karanta wannan. Amma buɗewar hanya ba za ta zo don mun zauna muna jira ba, sai mun dame masu mulki da tambaya a kowane taro da kowane zaɓe: yaushe za ku mayar mana da hanyarmu? Allah ya komo da waɗanda ke hannun miyagu gida lafiya, ya ji ƙan waɗanda suka rasu a hanyar nan, ya kuma nuna mana ranar da yaran ƙauye za su sāke rugowa tarbar mai babur. Amin.